Ɓera da Dundumi: Darasi Daga Ɗakin Gwaji

Ranar da malaminmu ya ce ana amfani da ɓera wajen binciken gani, wallahi dariya na yi. Ɓeran da ke lalube da gashin baki cikin duhu, me zai koya wa ɗan Adam game da ido? Sai da na zauna karatun jarrabawa na gane ashe ni ne ban gani ba.

To, ga yadda abin yake. A can bayan ido akwai tantani mai karɓar haske, wato retina. Ƙwayoyinsa masu karɓar hasken iri biyu ne: masu siffar sanda, na gani cikin duhu, da masu tsini, na launi da hasken rana. A idon ɓera, kusan kashi 99 cikin 100 masu sanda ne. Shi ya sa ya dace da binciken dundumi.

A 1958, John Dowling da George Wald na Jami'ar Harvard a Amurka suka hana ɓeraye bitamin A. Da farko ajiyar hanta ta ƙare, sai na jini ya yi ƙasa, sannan rodofsin, sinadarin da ke kama haske, ya ragu. Nan dundumi ya shiga. Idan an mayar da bitamin ɗin da wuri, gani yakan dawo.

Akwai kuma ɓeran RCS mai makantar gado, wanda aka fara bayaninsa a Ingila a 1938. A shekarar 2000 aka gano matsalar tana ƙwayar gado mai suna Mertk, kuma a shekarar aka same ta a wasu mutane masu irin wannan makanta.

Amma fa a kula, nan ɗalibai ke zubar da maki. Ɓera ba shi da fobiya, ɗan gurbin tsakiyar tantani da kake karanta wannan shafi da shi. Don haka abin da aka gani a idonsa ba lallai ya yi daidai da cutar tsakiyar ganin mutum ba. A nan biri ya fi kusa da mu.

Shawarata ga masu shirin furojet: fara tsayar da tambayarka, sannan ka zaɓi dabba, ka kuma nemi izinin kwamitin da ke kula da haƙƙin dabbobin gwaji. In tambayar ba ta dace da idon ɓera ba, ka wahalar da rai a banza.