Yadda Ake Tsara Ɗaga Ƙarfe: Zagaye Ɗaya Mai Zafi Ko Zagaye Da Yawa

Tun shekarun 1970 masu ɗaga ƙarfe suka rabu gida biyu. Arnold Schwarzenegger, wanda ya ci kambun Mr. Olympia sau 7, a wancan lokacin a Gold's Gym ta Kalifoniya yake wuni, safe da yamma, kwana shida a mako, yana yi wa tsoka ɗaya zagaye har ashirin (zagaye shi ne ɗaga ƙarfe sau da yawa a jere kafin a huta). Arthur Jones, mai ƙera injinan Nautilus, ya ce wannan wahalar banza ce: a yi zagaye ɗaya har ƙarfi ya ƙare ƙurmus, a tafi gida a huta. Wani mai ɗaga ƙarfe, Mike Mentzer, ya rungumi ra'ayin, daga baya Dorian Yates na Ingila ya gyara shi, ya ci Mr. Olympia sau 6 a jere, daga 1992 zuwa 1997. Kada dai a manta, Arnold da Yates duk sun amsa da bakinsu cewa sun yi amfani da magungunan ƙara tsoka. A lokacin jikinsu na warkewa da saurin da naka ba zai yi ba, don haka kwafar jadawalinsu kai tsaye kuskure ne.

Da farko ka san abin da kake nema. Idan ƙarfi ne zalla, ƙarfen sai ya yi nauyi, kamar kashi 80 cikin 100 na abin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya tak, ka ɗaga sau 3 zuwa 5, ka huta minti uku zuwa biyar kafin ka koma. Idan tsoka kake so ta cika riga, sai ka rage nauyin ka ƙara yawan ɗagawa, sau 6 zuwa 12 a kowane zagaye.

Sai zaɓen motsi. Manya huɗu sun ishi mai farawa: tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗago ƙarfe daga ƙasa, tura ƙarfe daga ƙirji a kwance kan benci, da jan jiki sama a jikin sanda. Na dantse da samari ke rububi a gaban madubi ƙari ne kawai.

Daga nan sai neman nauyin da ya dace da kai. Ka ɗumama jiki da ƙarfe mara nauyi, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ka kai wanda za ka ɗaga sau takwas baya bai lanƙwashe ba, na tara kuma sai da cije leɓe. Za ka gane shi: ƙarfen zai riƙa tafiyar hawainiya a tsakiyar hanya, gwiwar hannu ta fara rawa.

A nan hanya ta rabu. Mai bin salon Yates zai yi ɗumi sau biyu, sannan zagaye guda na gaske. Yana ɗagawa ba tare da fizga ba, yana saukewa a hankali kamar daƙiƙa uku, har ƙarfen ya tsaya cak ya ƙi motsi. Abokin da ke tsaye a kansa ya sa yatsu ƙarƙashin sandar ya taimaka masa ya ƙara ɗaya ko biyu. Shi ke nan, wannan tsoka ba za a sake taɓa ta ba sai bayan kwana biyar zuwa bakwai. A baki abu ne mai sauƙi, amma mutane ƙalilan ne ke iya kai kansu wannan gaɓa da gaske. Yawanci zafi ne ke sa su ajiye ƙarfe alhali da sauran ɗagawa uku a jikinsu, kuma zagaye ɗaya da aka yi rabi da rabi bai isa ya tayar da tsoka ba. Ga haɗari kuma: Yates ya yaga tsokar gaban dantsensa a 1994, ta baya a 1997, raunin da ya sa ya yi ritaya. Kada ka kuskura ka gwada wannan a kan benci ba tare da mai tsaya maka ba.

Mai bin salon zagaye da yawa kuwa zagaye uku ko huɗu yake yi wa kowane motsi, yana tsayawa da sauran ɗagawa ɗaya ko biyu a hannunsa, ya huta kamar minti biyu, ya koma. Kowace tsoka sau biyu a mako. Nazarin da Brad Schoenfeld da abokan aikinsa suka fitar a 2017, bayan sun tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna tsoka ta fi girma ga masu yi mata zagaye 10 ko fiye a mako. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin mutane, ko da ƙarfen nasu siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti. Salon zagaye ɗaya kuma ya fi amfanar wanda ya ƙware, ga shi ba shi da lokaci. Ana iya haɗa su ma: a yi zagayen farko da sauƙi-sauƙi, a ƙure ƙarfi a na ƙarshe kaɗai, musamman a ƙananan motsi.

Ko wacce ka bi, ka riƙe ɗan littafi kana rubuta nauyi da yawan ɗagawa. Ranar da ka cika sau 12 ba tare da ka karkace ba, ƙara kilo biyu da rabi, ka koma takwas. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ƙara mata kaya.

Abinci da barci su ke ƙarasa aikin. Ana so mutum ya samu furotin kamar giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a kullum, wato mai kilo 70 na bukatar kusan giram 110, daga ƙwai, wake, awara, kifi, nama da nono. Barci awa bakwai zuwa tara. Idan ka ga mako biyu a jere nauyin da ka saba ɗagawa yana gagararka, gaɓoɓi na ciwo, barci ya ƙi zuwa, rage zagayenka zuwa rabi har mako guda, sannan ka ci gaba daga inda littafinka ya tsaya.