Darasi na Bakwai: Naɗin Furotin da Ƙera Haidurojel

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ajiye romon ƙafar saniya ya kwana ya san yadda yake daskarewa ya yi kamri, da an ɗora shi a wuta kuma ya koma ruwa. Abin da ke haddasa haka shi ne wani furotin mai suna kolajin, wanda zarensa ke warwarewa da zafi, su sake harɗewa idan sun huce, su riƙe ruwa a tsakaninsu. Wannan darasi zai yi bayanin yadda masana kimiyya ke kwaikwayon wannan hali domin amfanin likitanci.

2.0 Ma'anar Naɗin Furotin

Furotin doguwar sarƙa ce da aka jera da ƙwayoyin amino asid, waɗanda iri 20 ne. Sarƙar ba ta aiki sai ta naɗe ta ɗauki siffa. A shekarar 1951 Linus Pauling da Robert Corey suka bayyana manyan salon naɗi biyu: mai murɗewa kamar igiya, da mai shimfiɗuwa kamar tabarma. Christian Anfinsen kuwa ya nuna cewa jerin amino asid ne ke yanke siffar da furotin zai ɗauka, aikin da ya sa ya sami lambar Nobel a 1972. Ke nan, wanda ya iya tsara jerin, ya iya tsara siffar.

3.0 Haidurojel Mai Amsa Canji

Haidurojel raga ce ta siraran zare wadda ke shan ruwa mai yawa ba tare da ta narke ba. Otto Wichterle da Drahoslav Lim ne suka gabatar da nau'insa na roba a 1960 a ƙasar Cekosulobakiya, daga nan aka sami gilashin ido mai laushi da ake maƙalawa a ƙwayar ido. Fifikon wanda aka yi da furotin shi ne yana iya daskarewa ko narkewa gwargwadon zafi, gishiri ko tsamin ruwan da yake ciki.

A 1998 ayarin David Tirrell a Amurka ya ƙera furotin mai murɗaɗɗun baki biyu. Bakunan na sarƙewa da na maƙwabtansu su zama raga, amma idan zafi ya ƙaru ko tsamin ruwan ya sauya, sai su saki juna.

Misali na biyu shi ne MAX1, wanda Joel Schneider da Darrin Pochan na Jami'ar Delaware suka bayyana a 2002. Gajeriyar sarƙa ce mai amino asid 20, inda balin, mai gudun ruwa, ke karɓa-karɓa da laisin, mai ɗauke da cajin lantarki. A ruwa mai tsami, cajin yana sa sassan sarƙar su ture juna, don haka ba ta naɗewa. Da an rage tsamin ko an zuba gishiri, sai turewar ta yi rauni, sarƙar ta lanƙwashe gida biyu, ɓangarorin balin su manne da juna, zare ya samu, ruwa ya kamu.

4.0 Amfani da Ƙalubale

Irin wannan haidurojel yana yin ruwa-ruwa idan aka matsa shi cikin sirinji, ya sake daskarewa da zarar ya fita. Saboda haka ake gwada shi wajen kai magani ko ƙwayoyin halitta daidai inda ciwo yake. Akwai kuma PuraStat, wanda likitoci ke amfani da shi wajen tsayar da zubar jini lokacin tiyata. Sai dai yawancin waɗannan abubuwa ba su da ƙwari, haɗa su na da tsada, kuma dole a tabbatar garkuwar jiki ba za ta yaƙe su ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa jeri ne ke haifar da naɗi, naɗi kuma ke haifar da hali. Ya kamata malami ya faro wannan darasi daga abin da ɗalibai suka sani a madafa, kafin ya kai su ɗakin gwaji.

6.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa romon ƙafar saniya ke daskarewa idan ya huce?
2. Bayyana rawar gishiri wajen naɗewar MAX1.
3. Ƙirƙiro kalmar Hausa da za ta maye gurbin "haidurojel", tare da hujja.