Shukar Latas

Latas ganye ne mai son sanyi. In zafin bazara ya same shi sai ya yi fure, ya yi ɗaci, ba mai saye. Don haka mukan shuka shi da kaka, mu ci da hunturu.

Mu huda gindin tsohon kasko, mu zuba ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki. Irin ƙanana ne ƙwarai. Barbaɗa shi za mu yi. In mun binne da zurfi ba ya fitowa. Mu ajiye a gida inda haske ke shiga, amma fa a kula da kaji. Yayyafin ruwa safe da yamma.

Cikin kwana 7 zai tsiro. In ya yi ganye 4 sai mu dasa a lambu da la'asar, ƙafa guda tsakaninsu.