Dodon koɗi a lambun gida

Masu lambu a Tibiri, bakin Gulbin Maraɗi, da na Agye da Gazawa, in kun wayi gari ganyen salati ko kabeji ya huhhuje, ga sawu mai yauƙi, aikin dodon koɗi ne. Da dare yake kiwo, laima yake bi, don haka ku mai da ban ruwa safiya. Da magariba a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu tsakanin komaye, da asuba a ɗaga, a tsince su a ba agwagi. Toka tana tare su, amma sai busasshiya, raɓa na sauka ta gama aiki. Gishiri kam ban yarda ba, ƙasa yake kashewa. Dodon koɗi na cikin tabki daban ne, shi ke ɗauke da tsagiya, kar yara su taɓa.