Daga Ina Kalmar Bajet Ta Samo Asali?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana son sanin ma'ana da asalin kalmar Turancin nan "budget", wadda muke kira bajet.

To Malam, bajet shi ne kasafin kuɗi, wato a zauna tun kafin shekara ta kama a ƙiyasta abin da zai shigo da abin da za a kashe. Amma da farko ba ruwan kalmar da lissafi. Ingilishi ya aro ta ne daga "bougette" ta tsohon Faransanci, ma'ana 'yar jakar fata, ita kuma ta fito daga "bulga" ta Latin.

Siyasa ce ta sauya mata ma'ana. A 1733 'yan adawa a Ingila suka fitar da wata ƙasida suna yi wa Firayim Minista Robert Walpole ba'a kan sabon harajinsa, suka kamanta shi da boka mai buɗe jakar magungunan bogi. Sannu a hankali sunan jakar ministan kuɗi ya koma kan takardun kasafin da ke cikinta. Har yau, ranar gabatar da kasafi, ministan kuɗin Birtaniya kan ɗaga wa 'yan jarida jan akwatinsa kafin ya nufi majalisa.