Don Kana Riƙe iPhone, Dole Sai Ka Sayi MacBook?

Mu da muke gyaran waya da kwamfuta, wannan tambaya ba ta yanke mana: "Malam, tunda iPhone ce a hannuna, ai MacBook ya kamata in saya ko?" Masu Samsung ma kan yi irinta a kan Galaxy Book. Amsar ita ce, ko ka saya, wayarka ba za ta ƙara sauri ba, cajinta ba zai ƙara daɗewa ba, hotonta ba zai ƙara kyau ba. Abin da kawai yake ƙaruwa shi ne sauƙin mu'amala tsakanin na'urorin biyu.

A wannan fanni kam Apple sun yi nisa. Tun 2014 suka fito da tsarin Continuity. Idan iPhone da Mac suna kan asusun Apple ɗaya, Wi-Fi da Bluetooth kuma a kunne, za ka kwafi lambar asusun banki a waya ka liƙa ta a kwamfuta, ka amsa kira kana tsakiyar rubutu, ka tura bidiyon biki ta AirDrop ba tare da an ci maka data ba. A 2024 suka ƙara iPhone Mirroring, wato ka sarrafa wayar daga fuskar kwamfuta alhali tana cikin aljihunka. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: kamfani ɗaya ya ƙera na'urorin, shi ya rubuta manhajojinsu, kuma yawancin waɗannan hanyoyi kayansa kaɗai ya buɗe wa.

Amma iPhone tana aiki da Windows. Tun 2023 manhajar Phone Link ta Microsoft take haɗa su ta Bluetooth don kira da saƙonni, sai dai ba ta kai irin haɗin Mac ba. Ƙorafin da aka fi kawo mana shi ne, "Na kwashe hotuna, sun ƙi buɗewa." Ba lalacewa suka yi ba. Tun 2017 iPhone take ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda wasu kwamfutocin Windows ba sa karantawa sai an sa musu HEIF Image Extensions. Ko kuma ka shiga Settings a wayar, ka taɓa Camera, sannan Formats, ka zaɓi Most Compatible. Daga nan hotunan da za ka ɗauka a JPEG za su fito. In kuwa ka jona kebul kwamfuta ba ta ga komai ba, buɗe wayar ka danna Trust.

Mai Android shi lamarinsa akasin haka ne. Tecno, Infinix, Redmi ko Samsung, duk sun fi jituwa da Windows, ko HP ce ko Dell ko Lenovo. Ka jona kebul, ka jawo saman fuskar wayar, ka zaɓi File transfer, shi ke nan. Mac ce ma ba ta ganin fayilolin Android ta kebul sai an ƙara mata wata manhaja.

Shawarata, aikinka ya zaɓa maka kwamfuta. Ɗalibin injiniya mai buƙatar SolidWorks, ko ma'aikacin da ofishinsu ke amfani da Microsoft Access, ba zai same su a macOS ba. Mac masu injin M1 zuwa sama, waɗanda aka fara fitarwa a 2020, ba su da Boot Camp da a da ake ɗora Windows da shi. RAM ɗinsu kuma a manne yake, ba a ƙarawa daga baya. Mai tace bidiyo da yake ɗauka da iPhone kullum, shi Mac za ta rage masa wahala ƙwarai. Wanda iyakarsa WhatsApp da Word da imel kuwa, ya riƙe kuɗinsa.

In ka yanke shawarar sayen Mac ta hannu, kada ka biya sai mai ita ya cire asusunsa na Apple a gabanka, an goge ta, ka shiga da naka. Wadda aka bari da Activation Lock, wato kulle da asusun tsohon mai ita, mu masu gyara ba mu da halastacciyar hanyar buɗe ta, sai mai asusun ko kamfanin da shaidar saye. Rigakafi ya fi magani.