Ƙarfafa Tsokokin Ƙasan Mara Don Hana Ɗigar Fitsari

Mata da yawa, musamman waɗanda suka haihu sau da dama, fitsari yakan kuɓuce musu kaɗan idan sun yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko sun ɗauki kaya mai nauyi. Kunya takan sa su yi shiru, wasu har su ƙaurace wa taro, ga kuma wahalar sake tsarki kullum. Alhali kuwa abin yana da magani, kuma ba ya cin ko kwabo.

Dalilinsa

A ƙasan mara akwai tsokoki da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, su ne kuma ke tsuke hanyar fitsari. Ciki da haihuwa, tsufa, ƙiba, da daɗaɗɗen tari sukan raunana su. A 1948 wani likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana cewa ana iya ƙarfafa su ta yawan motsawa, kamar sauran tsokokin jiki.

Yadda ake yi

1. A yi fitsari tukuna, sa'an nan a kwanta ko a zauna.
2. A matse gaba da dubura a ja su sama, kamar mai riƙe tusa cikin jama'a.
3. A riƙe har a ƙirga 5, a saki a huta daidai haka. Sannu a hankali a kai 10.
4. A maimaita aƙalla sau 8, da safe da rana da dare.
5. Kada a riƙe numfashi, kada kuma a ɗaure ciki ko cinyoyi.

Kada a mai da tsayar da fitsari ana cikin yinsa al'ada, domin yakan hana mafitsara juyewa sarai. Ana bukatar a dage aƙalla wata 3. Maza ma sukan amfana, musamman bayan tiyatar ƙasan mafitsara.

Gargaɗi

Wannan dabam yake da yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda takan jawo, inda fitsari ke zuba dare da rana. Wannan sai aikin likita, kuma Gwamnatin Tarayya tana da asibitocinsa a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi, da Abakaliki. Haka nan mai jin zafi wajen fitsari, ko mai ganin jini a cikinsa, ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa.